Allurar Sinawa da Ƙahon Wanzami: Lacca a kan Maganin Ciwon Kai

 

  

An nemi in yi magana a kan wata hanyar jinya da ta fito daga ƙasar Sin, wadda Turawa suke kira akufanca, wato soka wasu siraran allurai a wurare sanannu na jikin mutum domin a rage masa zafin ciwo, musamman ciwon kai. Na karɓi wannan aiki da farin ciki, saboda a ganina babu inda maganar ta fi dacewa a yi ta irin tsakanin Kalgo da Gwandu: ga Kalgo, inda asibitin jiha yake, inda kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take da mazauni, ga kuma Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, Allah ya ƙara masa yarda, mutumin da bai ɗauki lafiyar jiki a matsayin abin da ya fita daga hurumin malami ba, har ya wallafa littafinsa Masalihul Insan a kan maslahohin mutum, na addininsa da na jikinsa, a cikin bango ɗaya. Ɗan ɗan'uwansa kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da ɗawainiyar mulki da yaƙi da ke kansa, ya sami sukunin rubuta littattafan magani da dama, cikinsu akwai Ujalatur Rakib, da wani a kan basir, da wani a kan ciwon ido. Saboda haka idan mutanen wannan ƙasa suka zauna suna auna wani magani, gadon gidansu suke ci.

Kafin mu tafi Sin, bari mu tsaya a ƙofar gida, domin mu ba baƙi ba ne ga maganar neman sauƙin ciwo ta hanyar fata. Wanda duk ya taɓa zama a inuwar wanzamai ranar kasuwa ya ga yadda abin yake: manomi ya zo ya ce kansa na sara tun shekaranjiya, ƙeyarsa ta yi nauyi, kafaɗunsa kamar an ɗaure, wanzami ya buɗe zabira, ya aske masa wurin, ya shafa ruwa, ya kafa ƙaho a ƙeya, ya sa baki a tsininsa ya zuƙe iskar da ke ciki, ya toshe ƙofar, ya bar shi har fata ta taso ta yi tudu, sa'an nan ya cire, ya ɗauki aska ya yi tsaga ƙanana a jere, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa, bayan ɗan lokaci ya ɓalle shi ya juye baƙin jini mai guda-guda a ƙasa, ya nuna wa mai ciwon ya ce ga mataccen jinin da ke damunsa nan. Mutumin ya tashi yana juya wuya, yana cewa ya ji sakayau, ya biya abin da ya sawwaƙa, ya koma gona. Ban da ƙaho muna da sakiya, muna da lalas, muna da ɗori, wanda mutanen Aliero maƙwabtanmu suka yi suna a kansa har ana zuwa musu daga nesa.

Ƙaho kuwa yana da asali mai ƙarfi a cikin sunna. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a kansa yana cikin harami saboda ciwon ɓarin kai da ya same shi, an kuma ruwaito cewa ya biya wanda ya yi masa ƙaho ladarsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ke zauren nan ya karanta a gaban malaminsa, ta kyautata ƙaho a babin jinya, ta kuma nuna cewa ba a karhanta shi ga mai azumi sai idan ana tsoron ya raunana shi. Na kawo wannan ne domin mu san cewa tambayar da ke gabanmu ba ita ce ko ya halatta a taɓa fata don neman waraka ba. Wannan an gama da shi tuntuni.

To, mece ce ita wannan allura ta Sinawa? Abu na farko da ya wajaba a fahimta, domin mutanenmu suna da son allura ƙwarai, shi ne babu magani a cikinta ko ɗigo. Ba ta da rami, ba a ɗura komai da ita. Ƙarfe ne zalla, siriri, kaurinsa kimanin rubu'in milimita, bai fi gashin wutsiyar doki da yawa ba. Mai jinya yakan kwantar da majinyaci, ya goge wurin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗora allurar a cikin ɗan bututunta, ya ƙyanƙyasa kanta da yatsa ta shige, sa'an nan ya murza ta a hankali tsakanin babban yatsa da manuni har majinyacin ya ji wani nauyi ko tsami yana yaɗuwa daga wurin, abin da su Sinawa suke ɗauka alama ce ta cewa allura ta kama. Ga mai ciwon kai, wuraren da aka fi sokawa su ne tsokar da ke tsakanin babban yatsan hannu da manuni, da ramuka biyu da ke ƙarƙashin ƙeya, da gefen goshi kusa da wutsiyar gira, wani lokaci har da bayan ƙafa. Akan bar alluran minti 20 zuwa 30, a zare su, galibi ba tare da jini ya fito ba, a ce wa mutum ya dawo bayan 'yan kwanaki, domin zama ɗaya ba ya isa.

Asalinta daɗaɗɗe ne. Littafin da Sinawa suke ɗauka shi ne tushen ilmin maganinsu, Huangdi Neijing, an tattara shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ƙarni ɗaya ko biyu. A shekarar 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi na tagulla da aka huda masa wuraren sukan domin koyar da ɗalibai, a 1601 kuma Yang Jizhou ya tara ilmin a babban kundi. Amma kada a zaci Sinawa kansu sun yi ittifaƙi a kanta a kowane zamani, domin a 1822 sarkinsu ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada, ta koma hannun masu maganin ƙauye, sai bayan 1949 sabuwar gwamnati ta farfaɗo da ita, a lokacin da jama'a ke da yawa likitocin zamani kuma ba su isa ba. Amurkawa sun waiwaye ta ne a 1971, sa'ad da wani ɗan jarida, James Reston, ya kwanta aikin afendis a birnin Beijin, aka yi masa aikin da maganin kashe zafi na asibiti, daga baya da ciwon ciki ya dame shi aka soka masa allurai, ya rubuta labarin a jaridar New York Times. Mu kuma a Afirka ta iso mana ne a jakar likitocin da ƙasar Sin take turowa, waɗanda suka fara da Aljeriya a 1963, suka shiga Jamhuriyar Nijar a 1976, suka yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Wato 'yan'uwanmu Hausawa na can sun riga mu ganinta ido da ido.

Na san abin da ke zukatan malamanmu game da halaccinta, kuma tambaya ce da ta cancanci a amsa ta da girmamawa. Sinawa na dā sun fassara aikin allurar da cewa wai akwai wani ƙarfi da ke gudana a cikin jiki ta wasu magudanai, idan ya toshe sai ciwo ya zo, allura kuma ita ke buɗe masa hanya. Wannan bayani yana haɗe da falsafarsu game da halitta, wadda ba tamu ba ce. Masu ilmin fiɗa sun bincika jikin ɗan Adam ciki da waje, sun ga jijiyoyin jini da jijiyoyin ji, ba su ga waɗannan magudanai ba. Abin da na fahimta daga ƙa'idojin malamanmu shi ne a raba tsakanin aiki da fassarar da masu aikin suka yi masa: magani sababi ne daga cikin sabubba, Allah ne Mai warkarwa, kuma sababi yana tabbata ko dai da nassi ko kuma da jarrabawa bayyananna. Musulmin farko sun karɓi ilmin maganin Yunanawa da Farisawa da Indiyawa, suka tace shi, suka bar gumakansu a inda suka same su. Saboda haka wanda ya kwanta aka soka masa allura, yana mai ƙudurta cewa waraka daga Allah take, bai ɗauki aƙidar kowa ba; hukuncin ƙarshe dai na ma'abota fatawa ne, ni kuwa abin da zan iya taimaka musu da shi shi ne amsar tambaya ta biyu, wadda hukuncin ya rataya a kanta: shin jarrabawa ta tabbatar da cewa abin yana da amfani?

A nan ne nake so mu daɗe kaɗan, domin nan ne zuciyar maganar take. Shaidar wanda ya ce "an yi mini na warke" shaida ce ta gaskiya a kan abin da ya ji, amma ba ta isa hujja a kan abin da ya warkar da shi ba, saboda ciwon kai cuta ce mai zuwa da tafiya, mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da ta fi tsanani, bayan tsanani kuwa sauƙi ne ke biyowa ko an yi magani ko ba a yi ba. Wannan ba Turawa ne suka fara gane shi ba. Abubakar ar-Razi, babban likitan Musulunci wanda ya shugabanci asibitin Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 925, ya ba da labari a littafinsa Al-Hawi cewa ya sami jama'a masu nauyin kai da ciwon wuya da ƙin haske, alamomin da yake tsoron su kai ga kumburin ƙwaƙwalwa, sai ya fitar wa wasunsu jini, ya bar wasu da gangan bai taɓa su ba, domin ya kwatanta ya ga inda gaskiya take. Likitocin yau ba su bi shi a kan fitar da jini a wannan cuta ba, amma sun bi shi a kan mizanin da ya kafa, wato kada ka yanke hukunci a kan magani sai ka ajiye wasu da ba su sha ba a gefen waɗanda suka sha.

Da wannan mizani aka auna allurar Sinawa, kuma waɗanda suka fi kowa wahala a kan awon su ne Jamusawa, domin kamfanonin inshorar lafiyarsu sun so su san ko abin ya cancanci su riƙa biyan kuɗinsa. Suka raba majinyata kashi uku ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya aka yi musu allura yadda littattafan Sin suka tsara, kashi na biyu aka yi musu ta bogi, wato a soka sama-sama a wuraren da ba su ne na littafi ba, ba tare da sun sani ba, kashi na uku kuma aka bar su da jinyar asibiti da aka saba. A gwajin ciwon baya, wanda aka buga sakamakonsa a 2007, mutum 1,162 ne suka shiga; kusan kashi 48 cikin ɗari na masu allurar gaskiya suka sami sauƙi, kashi 44 na masu ta bogi, kashi 27 na masu jinyar da aka saba. Ku dubi wannan lissafi da kyau, ya ku ɗalibai, domin yana faɗin abu biyu a lokaci ɗaya: allura ta fi rashin allura nesa ba kusa ba, amma wurin da aka soka ta, wanda shi ne ilmin da aka yi shekara dubu biyu ana haddacewa, bai ƙara wani abu mai yawa ba. Gwajin da suka yi a kan ciwon ɓarin kai, wanda ya fito a 2006, shi ma bai nuna bambanci mai ƙarfi tsakanin kashi ukun ba. Daga ƙarshe hukumarsu ta yarda a biya kuɗin allura ga ciwon baya mai daɗewa da ciwon gwiwa, ba ta yarda a biya ga ciwon kai ba.

Bayan shekara goma, a 2016, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen duniya ta tace su, ta haɗa gwaji 22 a kan ciwon ɓarin kai, masu ɗauke da mutum kusan 5,000, ta fito da ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: wanda yake yin kwana shida a wata yana fama da ciwon, idan aka bar shi da jinyar da aka saba zai koma kwana biyar, idan aka yi masa allurar bogi ko aka ba shi ƙwayar riga-kafi zai koma huɗu, idan kuma aka yi masa ta gaskiya zai koma uku da rabi. A ɗaya nau'in ciwon kan, wanda yake ɗaure goshi da ƙeya saboda gajiya da damuwa, sun haɗa gwaji 12, suka sami kusan haka: kimanin rabin masu allurar gaskiya ciwonsu ya ragu da rabi, masu ta bogi kuma kimanin 43 cikin ɗari. Hukumar da ke tsara jinya a Ingila, NICE, tun 2012 ta ba likitoci damar su gwada wa irin waɗannan majinyata zama goma cikin mako biyar zuwa takwas.

Hukuncina a kan wannan, kuma ina faɗinsa ne bayan na auna shi, shi ne amfanin yana nan, amma matsakaici ne. Wanda ya ce allurar Sinawa ƙarya ce tsagwaronta ya zalunce ta, domin matar da ke rufe kanta a ɗaki mai duhu kwana shida kowane wata, tana amai, ba ta iya girki ba ta iya jin kukan ɗanta, idan aka rage mata kwana biyu da rabi, an ba ta abu mai daraja. Wanda kuma ya ce tana warkar da hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa da shanyewar jiki, kamar yadda wasu masu talla suke faɗi da lasifika, ya yi mata ƙarin da ba ta da shi, ya kuma ci dukiyar mutane da ɓarna. Game da yadda take aiki, masana sun nuna tun 1965, a bayanin Melzack da Wall, cewa taɓa fata da motsa jijiyoyinta yana iya rage saƙon zafi tun a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda ya buge yake murza wurin. A 1975 kuma aka gano cewa jiki da kansa yana haɗa wasu sinadarai masu kashe zafi, kuma akwai alamar cewa sukar allura tana motsa su. Sauran amfanin yana zuwa daga kyakkyawan zaton majinyaci, da kwanciyar rabin sa'a cikin natsuwa, da samun wanda ya saurare shi ya taɓa inda ke masa ciwo. Ba na raina wannan kashi na ƙarshe. Ina ma a ce layin asibitocinmu yana barin likita ya ba kowa irinsa.

Yanzu zan juya ga abin da ya fi damuna, wanda domin shi ne na yarda in tsaya a gabanku. Ciwon kai ba cuta ɗaya ba ce, alama ce da cututtuka masu yawa suke tarayya a cikinta, duk gwaje-gwajen da na ambata kuwa an yi su ne a kan mutanen da likita ya riga ya bincika ya tabbatar cewa babu wata muguwar cuta a ƙarƙashin ciwonsu. Mu kuwa muna zaune ne a tsakiyar yankin sanƙarau. Ba mu manta da bazarar 2025 ba, sa'ad da cutar ta shiga Gwandu da Aliero da Jega, ta ɗauki rayuka fiye da ashirin cikin 'yan makonni, Allah ya jiƙansu. Manyanmu kuma suna tuna annobar 1996 da ta ratsa Arewa. Sanƙarau da ciwon kai yake farawa. Idan ciwon kai ya zo da zazzaɓi mai zafi, wuya ya ƙage mutum ba ya iya sunkuyar da haɓarsa ta taɓa ƙirji, yana ƙin haske, yana amai ko sambatu, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, to wannan ba wurin ƙaho ba ne, ba wurin allurar Sin ba ne, ba wurin jiƙo ba ne. Sa'o'i ne tsakaninsa da mutuwa ko kurumta, kuma maganin da ke kashe ƙwayar cutar yana asibiti. Haka mace mai ciki da kanta ke sara, fuskarta da ƙafafunta sun kumbura, tana ganin dishi-dishi: jijjiga ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, a auna jininta a ranar. Haka ciwon kan da ya faɗo wa mutum farat ɗaya da tsananin da bai taɓa ji ba, ko ya zo da karkacewar baki da mutuwar hannu da sarƙewar harshe, ko ya biyo bayan faɗuwa daga babur, ko ya fara sabo ga wanda ya haura hamsin. Zazzaɓin cizon sauro ma, wanda fadamunmu na shinkafa suke renon sauronsa, gwajinsa ɗigon jini ne da 'yan mintuna.

Ina roƙon sarakunan aska, don girman Allah, su riƙe waɗannan alamomi su koya wa yaransu, domin sau da yawa ku ne mutum yake fara zuwa wurinku kafin ya ga likita, kuma kalmarku tana da nauyi a wurinsa fiye da ta mai farar riga. Wanzamin da ya dubi majinyaci ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, a kai shi asibiti yanzu," bai rage komai daga martabar sana'arsa ba. Shari'a ma ta ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilmin abin ba, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito.

Akwai kuma wata fitina da ta sa nake ganin bai kamata mu rufe ƙofa ga jinyar da ba ta ƙwaya ba. Ku shiga kowace kasuwa tsakanin nan da Gwandu, za ku ga mai tallar magani da faranti a kai cikin rana, yana ƙulla wa mutane haɗi a leda, ja da fari da rawaya, babu suna babu awo. Leburan da ke sha kullum don ya iya aiki bai san cewa wanda ke shan ƙwayar kashe zafi kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 idan mai ƙarfi ce irin tramadol, ita ƙwayar da kanta tana haifar masa da wani ciwon kai, wanda zai sa ya ƙara sha, ya kasa fita daga da'irar. Wasu daga cikinsu, irin diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe a kansu suna cin bangon ciki suna raunana ƙoda. Abin da kodin ya yi wa matasanmu kuma, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, kowa ya gani. A irin wannan hali, hanyar da za ta rage wa mutum kwanakin ciwo ba tare da ta ƙara masa ƙwaya ba tana da maslaha da ya kamata a duba.

Sai dai ita ma allurar tana da nata haɗari idan ta faɗa hannun jahili. Wanda bai san zurfin ƙirji ba yana iya soka ta a kafaɗa ko a baya ta huda huhu, kuma wannan ya faru a ƙasashe da dama. Allurar da aka yi wa wani aka maimaita wa wani tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, daidai da askar da ba a sauya ba. Saboda haka sharaɗi ne a ɓare sabuwa daga takardarta a gaban idonka, a jefar da ita bayan an gama. Mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su sanar da mai jinya tun kafin a fara. A dokar Nijeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa ce ke yi wa masu wannan aiki rajista, don haka wanda ya buɗe shago ya rataye hoton jikin mutum mai ɗigo-ɗigo a bango, kuna da haƙƙin ku tambaye shi takardarsa da inda ya yi karatu, ba rashin kunya ba ne.

Abin da ya rage shi ne mu yi wa kanmu adalcin da muka yi wa Sinawa. Allurarsu an auna ta a kan dubban mutane, an san iyakar amfaninta. Ƙahonmu, wanda muke yi tun kaka da kakanni, gwaje-gwajen da aka yi a kansa a duniya ƙanana ne, mafi yawansu kuma ba su da ƙarfin da za a gina hukunci a kai. Falalarsa a sunna tabbatacciya ce, amma sunna ba ta ce kowane ciwo ne maganinsa ƙaho ba, ba ta kuma ce a yi wa mai ƙarancin jini ko mai sikila ko yaron da zazzaɓi ya riga ya tsotse ba. Sanin wa zai amfana, a wane wuri na jiki, sau nawa a shekara, wannan an bar shi ga jarrabawa, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa amfanin ƙaho yana bambanta gwargwadon ƙasa da yanayi da shekarun mutum.

Ga shawarar da nake miƙa wa malaman jami'a da likitocin asibitin Kalgo. A zaɓi wanzamai amintattu daga Gwandu da Kalgo ta hannun sarakunan askarsu, a koya musu alamomin haɗari da tsabtar kayan aiki, a ba su reza sabuwa ga kowane mutum da safar hannu. Duk mai ciwon kai da ya zo, likita ya fara duba shi, a auna jininsa, a yi masa gwajin zazzaɓi. Wanda aka tabbatar ciwonsa na ɓarin kai ne ko na gajiya, kuma ya yarda da bakinsa, a ba shi takarda ya riƙa yin alama a duk ranar da kansa ya yi ciwo, da boko ko da ajami, wata ɗaya kafin a taɓa shi da wata uku bayan an taɓa shi. A raba su da ƙuri'a: wasu ƙaho da tsaga, wasu ƙaho busasshe ba tsaga, wasu maganin asibiti kaɗai, idan kuma an sami ƙwararre mai rajista, wasu allurar Sin. Ɗaliban da ke zaune a bayan zauren nan su ne za su bi gida-gida su karɓo takardun su yi lissafi, a buga abin da ya fito da Hausa, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba, a kai wa wanzaman kofinsu hannu da hannu.